Shirun da Ya Ci Fadamar Ubana

Na rasa aikin rabon ruwa saboda surukina yana zaune a wurin. Daga nan na rasa fadamar da ubana ya bar mini. Shekara talatin da 'yan kai ke nan.

Ban cika tada zancen ba. Bana ne azumi ya zagayo ya sake faɗowa cikin zafi irin na waccan shekarar, zafin da kana zaune a inuwa gumi na bin bayanka. Sai kuma ga autata Hauwa ta tara ƙawayenta a tsakar gida bayan la'asar. Makarantar aikin jinya suke nema. Wai bayan jarrabawa za a zaunar da su a kewaye, a jefa musu tambaya, a koma gefe ana kallon wadda ta iya magana cikin mutane. Ina zaure ina tufka igiya ina jin su. Wannan ta katse waccan, waccan ta ce ban yarda ba, ga dalilina. Ɗaya na riƙe da waya tana duba lokaci. Na ji Hauwa ta ce, "Ke Rabi, ba ki ce komai ba fa. Wadda ta yi shiru ta faɗi." Sai na ajiye igiyar.

Ni ban yi boko ba. Amma irin wannan zaman na san shi tun ba a haifi ko ɗaya daga cikinsu ba.

Daminar da ta gabaci waccan shekarar ruwa ya ɗauke gero na fitar da kai. Dawa ta tsaya iya ƙugu ta ƙone a tsaye. Gonar da ke ba ni dami arba'in ta ba ni tara, rabinsu ma ƙaiƙayi. Kafin a ga watan azumi ina shiga rumbu da ƙafafuna biyu ina share ƙasansa da tsintsiya. Mu shida ne a gida: ni, matata Binta, yara uku, da Inna mahaifiyata.

Sahur kunun dusa ne. Binta kan dama shi tsululu, ta zuba wa Inna mai ɗan kauri, ni da ita mu sha ruwan sama. Da gari ya waye ta ɗauki tulu ta bi layin rijiya, sai hantsi take dawowa da ruwa mai launin ƙasa, a ajiye ya kwanta. Da rana babu motsi a ƙauyen. Kaji ma bakinsu a buɗe yake. Da yamma ta tsinko zogale ko ta jiƙa busasshiyar tafasa, a kwaɗa da ɗan ƙuli idan an samu, idan ba a samu ba gishiri ya isa. Wannan ne buɗe-baki, shi ne kuma tuwon dare. Yaran sun daina tambaya ko akwai ƙari.

Abin da ya rage mini fadama ce a bakin tafkin Bagauda. Ba ta da girma, amma baƙar ƙasa ce, kuma akwai rijiya da jigo a cikinta. Albasa nake yi da tumatir. A shekarar tafkin ya ja baya har ana ganin kututturan da ba wanda ya taɓa gani, rijiyar ta bi shi. Muka yi gayyar yasar rijiyoyi, mu tara, da azumi a bakinmu. Yau a tawa, gobe a ta wani. Wanda ke ciki yana haƙa, biyu na jan guga, sauran na zube a gindin mangwaro suna jiran layinsu. Ka fito daga ramin harshenka kamar fatar takalmi, ga ruwa a hannunka, ba dama ka kai baki. Duk da haka albasar ba ta yi kai ba.

Akwai wani Alhaji mai sayen hatsi a Bebeji da ya daɗe yana son fadamar. Sau biyu ya aiko, sau biyu na ce a'a. A farkon azumin ya sake aikowa. Na ce a ba ni zuwa Sallah.

A cikin wannan hali mai unguwa ya sanar cewa wani kamfani ya share fili a ƙasan tafkin, zai yi shinkafa da damina, alkama da rani. Suna neman mutum shida masu raba ruwa a magudana. Albashi duk wata, da buhun hatsi a kai. Ba takarda suke nema ba, manoma suke nema. Buhun nan shi na ji. Idan na samu, fadama ta tsira. Idan ban samu ba, na san amsar da zan ba Alhaji.

Malam Isiyaku, tsohon hedimasta da ya dawo gida bayan ritaya, shi ya gano yadda za a yi zaɓen. Ya taɓa shiga irinsa a Kano. Ya tara mu, mu goma sha ɗaya daga ƙauyenmu, a gindin tsamiyar masallaci bayan la'asar. Ya sa muka zauna a kewaye, ya koma gefe da tsakuwa a aljihu.

Ya ce, "Wannan ba zaman fada ba ne, ba kuma ɗaurin aure ba. Babu babba, babu yaro. Za a ba ku magana ɗaya ku tattauna. Wanda bai yi magana ba kamar bai zo ba. Wanda ya ce haka ne ya yi shiru, gara wanda bai zo ba."

Wani ya ce, "To Malam, idan dattijo na magana fa?"

"Ka bari ya kai aya. Sannan ka ce, Baba, ni ga yadda na gani, ga kuma dalilina. Ka dubi fuskarsa."

"Fuskarsa?"

"Fuskarsa. Ko dagaci ne."

Aka yi dariya. An yi tambaya a kan dattijo, a kan dagaci, a kan liman. Babu wanda ya yi tambaya a kan suruki. Bai zo a ran kowa ba.

Duk wanda ya yi magana mai ma'ana Malam ya jefa masa tsakuwa a gabansa. Ranar farko gabana wayam. Taubashina Ɗanjuma, mai gyaran keke a bakin titi, ya tara goma sha ɗaya. Malam ya sunkuya ya kwashe takwas, ya ce waɗannan iska ce.

Ɗanjuma ya nuna ni ya ce, "Ko ukun ma sun fi na bawana. Malam, wannan sai an rataya masa rediyo a wuya. Matarsa ma da hannu yake mata magana."

Na ce, "Kai da baki kake noma, shi ya sa gonarka ta haifi ƙaya."

Malam ya jefa mini tsakuwa ɗaya. Ya ce, "Ashe akwai harshe. To a kai shi inda za a biya."

Haka muka yi kwana tara. Maƙogwaro a bushe, miyau ya ƙafe, muna gardama a kan taki, a kan shanun da suka shiga gona, a kan wa za a fara ba iri. Malam na tsayar da mu. Kai ka yi tsawo. Kai ka zagi mutum, ba a zagi. Kai ka ga na kusa da kai bai yi magana ba, jawo shi, suna lura da wannan. A rana ta huɗu ya ce ruwa ya yi kaɗan, gonaki kashi uku ne a kan magudana ɗaya, yaya za a raba. Kowa ya ce a raba daidai, kwana ɗaya-ɗaya.

Na ce ban yarda ba. Ni kaina na ji muryata baƙuwa.

Na ce ƙasa ba ɗaya ba ce. Ta sama jigawa ce, tana sha tana zubarwa, a ba ta kaɗan-kaɗan akai-akai. Ta ƙasa laka ce, idan ta ƙoshi sai ta yi kwana biyar. Na ce a fara da na ƙarshen magudana, don idan aka fara da na kai ruwa ba ya isa ƙarshe, kuma daga nan faɗa ke tashi. A saki ruwa da sanyin safiya da yamma, ba da tsakar rana ba. Kafin komai a bi gefen magudanar a toshe ramukan gafiya, don rabin ruwan can yake tafiya.

Malam Isiyaku ya ce, "Maimaita."

Na maimaita.

Ya ce, "Garba, ranar nan haka za ka faɗa. Kada ka ƙara, kada ka rage. Kuma ka ɗaga kanka. Ƙasa ba ita ke ɗaukar aiki ba."

Daga ranar na riƙa faɗa wa albasa a fadama. A gida Binta ta zama abokiyar gardama. Tana tsinkar zogale a faifai, sai ta ɗago ta ce, "Ban yarda ba, Malam. Ga dalilina." Ta rasa dalilin, ta fashe da dariya. Inna daga ɗaki ta ce yunwa ta fara taɓa mu. A duk azumin nan ban tuna wata dariya a gidan ba sai wannan.

Ranar ashirin da ɗaya ga wata aka yi zaɓen. Na ari shuɗiyar riga wurin maƙwabci. Muka taka zuwa Bagauda da sassafe. Mutane sun zo daga ko'ina, har daga Tudun Wada. Rumfar kwano ce babba, zafi na sauka daga sama kamar ana zuba shi. Aka raba mana lamba a takarda, aka ce takwas-takwas, kuma a kowane zama mutum ɗaya za a ɗauka. Ni da Ɗanjuma muka faɗa zama ɗaya. Ya ce, "Shi ke nan, bawa, ka cinye ni. Idan ka samu ka riƙa kawo keken kamfani gyara."

An jera benci a kewaye. Mu bakwai muka zauna, wuri ɗaya babu kowa. Wani ma'aikacin kamfanin mai fayil a hannu ya sake kiran lambar. Sai ga shi ya shigo.

Har yau ba na iya faɗar sunansa. Mahaifin Binta. A wajen Dangora yake zaune, ban san ya ji labarin aikin ba, shi ma bai san ina nema ba. Binta 'yarsa ce ta fari. Ko sunanta ba ya kira, balle nawa. Shekara goma sha ɗaya da aurenmu ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. Idan na hango shi a hanya nakan sauka gefe in tuɓe takalmi. Maganar da ta taɓa shiga tsakaninmu ba ta wuce gaisuwa ba. Abin da ya fi haka aike ne.

Ban san sanda na sauko daga bencin ba. Na tuɓe takalmi na durƙusa.

"Barka da zuwa, Baba. An zo lafiya?"

"Lafiya lau. Yaya mutanen gida?"

"Suna gaishe ka."

Mai fayil ya ce, "Malam, koma kan benci. Nan duk ɗaya kuke."

Na koma na ɗosana a gefe. Aka ba shi wurin da ya rage, daidai gabana.

Da na ce a sauya mini zama, wataƙila da an sauya. Amma sai in faɗi dalili, a gabansa, da bakina. Ban iya ba.

Mai fayil ya karanta tambayar da Hausa. Ruwa ya yi kaɗan, gonaki da yawa, magudana ɗaya. Yaya za a yi. Rabin awa. Ya koma gefe da wasu biyu, kowa da biro.

Wani daga Kiru ya fara, ya ce a raba daidai. Wani ya ce a fara da na kusa da ruwa. Maganar tana bakina, a jere, kamar yadda na faɗa wa albasa sau ɗari. Na ɗaga kai kamar yadda aka koya mini. Abin da na fara gani ƙafafun surukina ne. Sun tsage, takalmin taya ne an ɗaure igiyarsa da waya. Daga wajen Dangora ya tako, da azumi, mutum mai furfura. Ba a yin wannan sai rumbu ya ƙare. Kuma mutum ɗaya za a ɗauka.

Na mai da kaina ƙasa.

Ɗanjuma ya taka mini ƙafa. Ya ce a hankali, "Bawa, faɗa mana." Ban motsa ba. Aka ci gaba. Biyu suka kama gardama a kan taki, abin da ba a tambaya ba. Kwanon rumfar na ƙara saboda zafi. Gumi na ɗiga daga haɓata yana faɗawa kan rigar aro.

Surukina bai ce komai ba sai da lokaci ya yi nisa. Sannan ya yi gyaran murya. Kowa ya yi shiru, don shi ne babba. Idonsa a ƙasa ya ce, "Akwai wanda ya fi mu sanin ƙasar nan a cikinmu." Maganarsa ke nan a duk zaman.

Na ji shi sarai. Na kuma gane da wa yake. Amma idan na buɗe baki bayan wannan maganar, na amsa ke nan cewa na fi shi sani, a gaban mutane. Da bai faɗa ba wataƙila da na daure. Da ya faɗa, sai ya rufe ni gaba ɗaya.

Mai fayil ya ce saura minti biyar.

Ɗanjuma ya dube ni. Ya jira. Wannan ba zan hana shi ba, ya jira ni. Sannan ya ce, "Ni ban yarda ba, ga dalilina." Ya faɗi jigawa da laka. Ya faɗi ƙarshen magudana. Ya juya kwanakin, ya ba laka uku maimakon biyar, ya manta gafiya sai daga baya ya cuso ta. Biro uku suka kama rubutu.

Mai fayil ya ce, "Kai mai shuɗiyar riga, ba mu ji ka ba. Kana da abin cewa?"

Na ce, "Haka ne."

Kafin azahar aka kira sunaye shida. Na Ɗanjuma ne na huɗu. Surukina ya tashi ya kakkaɓe riga. Na sake durƙusawa na ce a sauka lafiya. Ya ce amin, a gaida gida. Ya kama hanyarsa a cikin ranar nan.

Malam Isiyaku na jiranmu a gindin tsamiya. Ɗanjuma ne ya ba shi labari, ni ban iya ba. Da ya gama, Malam ya ce, "Na koya muku duban fuskar dagaci. Ban tambayi wa ke da suruki ba."

Binta ba ta yi kuka ba. Ta dama kunun, muka sha. Bayan Sallah da kwana biyu ta je gida gaisuwa, ta kwana ɗaya ta dawo. Ta same ni ina gyaran ƙotar fartanya. Ta zauna nesa kaɗan.

Ta ce, "Baba ya ba Goggo ƙanwarsa saƙo, Goggo ta ba ni."

Na ce ina ji.

"Ya ce don kansa ya je, gidan ba hatsi. Amma da ya shiga ya gan ka, ya bar maka. Ya ce mai ciyar da yaran can ya fi shi buƙata. Shi ya sa ya ja bakinsa."

Na ce, "Ni ma na bar masa."

"Ya ce ya buɗe maka hanya iya yadda zai iya."

"Me ya hana shi tashi ya fita? Da ya fita da na yi magana."

"Goggo ta tambaye shi. Ya ce idan ya tashi, za a ce surukinsa ya kore shi daga wurin neman abinci. Kai za a zaga har ka mutu."

Sannan ta ƙara da cewa, "Ku biyu kuka je, kowa ya bar wa ɗan'uwansa, mai gyaran keke ya kawo buhu gida."

Na ci gaba da gyaran ƙotar. Ba ta kuma sake faɗa ba, har ta rasu.

A satin na aika wa Alhaji. Aka zo da shaidu, aka zagaya fadamar, aka nuna iyaka daga mangwaro zuwa bakin rijiya. Jigon ma na bar shi, don ba inda zan kafa shi. Da abin da aka ba ni na sayi dawa, a rumbun shi Alhajin. Na ɗebi kaso na aika Dangora ta hannun Binta, aka ce daga ita ne. Sauran muka ci. Ya kai mu kaka.

Kwana goma sha biyu bayan an sayar ruwa ya sauka. Na tuna ƙamshin ƙasar, na tuna yaran na tsalle tsirara a tsakar gida. Daminar ta yi kyau ƙwarai. Tafki ya cika ya rufe kututturan nan, rijiyar da muka yasa da azumi ta kawo ruwa har baki. Albasar da Alhaji ya yi a ranin da ya biyo baya, sai da aka kawo mota.

Ɗanjuma ya yi shekaru a aikin, har kamfanin ya tashi. A watannin farko yakan zo da yamma ya tambaye ni abin da ya shige masa, in gaya masa. Ya yi ginin bulo. Duk kaka yakan aiko da shinkafa. Ban taɓa mayarwa ba, yara na ci. Wasan taubasantaka dai ya mutu a tsakaninmu. Bai sake ce mini bawa ba.

Surukina ya yi shekara takwas bayan nan. Mun gaisa sau da yawa, ni a durƙushe, shi idonsa a gefe. Ba mu taɓa tada maganar ba. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

Alhajin ya rasu, 'ya'yansa suka gaji fadamar. Sun cire jigon sun sa inji. Suna zaune a Kano, ba su san iyakarta ba sai sun tambaye ni. Idan aiki ya taso ni suke ɗauka ƙwadago, a biya ni da yamma. Ina nan a ƙauyenmu, a gidan da aka haife ni, da gonar tudu ɗaya da gwiwa mai ciwo. Gobe akwai cirar albasa.